Jinin Bukar Mai Wankin Hula

A bakin titin da ya ratsa unguwar Jambutu a Jimeta, gaba kaɗan da tashar mota, akwai wata rumfar kwano da ake gane ta tun daga nesa saboda hulunan da aka jera a rana, kowacce an kifa ta a kan gungumen katako. Mai rumfar sunansa Bukar. Dogo ne siriri, da zanen Barebari a fuska, shekarunsa suna neman hamsin. Wankin hula ya gada wurin mahaifinsa a Bama, kuma shi yake yi har yau: ya wanke da sabulu da buroshi mai laushi, ya sa sitaci, ya ɗora a gungume, in ta bushe ya buge ta har ta yi sheƙi. Ranar Alhamis ba ya samun sukunin ɗaga kai, don kowa yana son tasa kafin Juma'a. Mutum ne mai ƙarancin magana. In ka yi masa ciniki mai tsawo sai ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa, har ka gaji ka biya.

A ɗakin jarirai na wani asibiti da ke Yola kuwa, ba wanda ya san shi da hula. Baban Latifa suke ce masa, kuma lambar wayarsa tana hannun kusan duk wanda ke aiki a wurin.

Ba da niyya ya zo Jimeta ba. A shekarar 2014, da 'yan bindiga suka shiga Bama, ya fita da matarsa Mairam da abin da hannu zai iya ɗauka. Tana da ciki a lokacin, na farko da ya zauna bayan biyu sun zube. Suka bi ta ƙasar Kamaru a ƙafa, suka faɗo Mubi, suka sami ɗaki a gidan wani ɗan garinsu. Ba su gama hutawa ba Mubi ma ta faɗi, suka sake ɗaukar hanya. A bayan wata motar ɗaukar hatsi suka iso Jimeta, suka sauka a unguwar Alkalawa, gidan Malam Aji, wani dattijo mutumin Borno da ya daɗe a garin yana koyar da karatu yana sayar da turare. Gidan a lokacin ya cika maƙil da 'yan gudun hijira, maza a zaure da ƙofar gida, mata a ciki, ana dafa tukunya ɗaya a raba.

Cikin Mairam yana wata bakwai naƙuda ta taso mata. Aka sa ta a keke-napep aka kai ta asibiti, ta haifi 'ya mace. Da aka kira Bukar ya gani, sai ya tsaya ya kasa matsawa. Yarinyar ba ta fi tafin hannunsa biyu ba, fatarta ja siririya har ana ganin jijiyoyi, nauyinta kilo ɗaya da ɗan ɗori. Aka saka ta a kwalba, wato akwatin gilashin da ake ɗumama bakwaini a ciki. Ta wata 'yar ƙofa da ke jikin kwalbar ya yi mata huɗuba. Ranar suna ma ba a fito da ita ba. Malam Aji ya yanka akuya a gida, aka raɗa mata Latifa, ita tana can kwance da bututun madara a hanci.

Abin da ya fi damun Bukar a kwanakin nan shi ne ɗibar jini. Kusan kullum sai ya ga an zo an soki dunduniyar yarinyar, an tatsi ɗigo-ɗigo a wani siririn gilashi an tafi da shi ɗakin gwaji. Ya riƙa tambayar kansa jinin nawa ne a jikin wannan abu da za a yi ta ɗiba haka. Bai yi karatun boko mai nisa ba, amma yana karanta lamba. Wata rana aka ba shi sakamakon gwaji ya miƙa wa likita, sai ya ga an ja layi a ƙarƙashin lambobi biyu. Maimakon ya kai inda aka aike shi, ya wuce da takardar shagon wani mai sayar da magani a unguwarsu. Mutumin ya duba ya ce in dai na babban mutum ne, to sukari ya yi ƙasa ƙwarai, jinin kuma ya yi kauri, amma shi bai san na jarirai ba, gara a koma wurin masu abin. Bukar bai ji ƙarshen maganar ba. Ya juya da sauri ya koma asibiti.

Babbar nas ta ɗakin ita ce Sista Hilda, wata Bacama daga Numan, gajeriya mai faɗin kafaɗa, wadda ta shekara fiye da ashirin tana renon bakwaini. Hausarta irin ta Jimeta ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Da ta ga fuskarsa ba ta yi masa faɗa ba. Ta ja masa benci a baranda, ta zauna kusa da shi.

"Baban Latifa, yarinyan ka yana ƙoƙari," in ji ta. "Wannan ma'auni da aka buga a gefe, na manya ne irin ni da kai. Jariri yana da nashi, bakwaini ma yana da nashi, kuma yana canzawa mako-mako."

Ta nuna masa lamba ta farko, ta yawan jini. Ta ce in aka juya jini a inji, jan yakan kwanta ƙasa ruwan ya tashi sama, sai a auna kashi nawa ne ja a cikin ɗari. Lafiyayyen namiji yakan kasance tsakanin arba'in da hamsin. Jariri sabon haihuwa kuwa yakan zo da fiye da haka, don a cikin uwa yana bukatar jini mai yawa, saboda haka hamsin da biyar na Latifa ba cuta ba ne. Sukarin ma, wanda zai kayar da babba, jariri a kwanakin farko yana iya zama lafiya da shi, in dai bai sauka ƙasa da iyakar da suke tsaro ba. Shi ya sa ake yawan aunawa ana ba ta madara kaɗan-kaɗan. Bukar ya ce ashe kamar hula ne, ta yaro ba a ɗora ta a gungumen babba. Hilda ta yi dariya ta ce to ya gane, amma ya shirya, don lambar jinin nan za ta sauka, haka take yi wa kowane bakwaini.

Ta kuwa sauka. Da farko shawara ce ta ɗan taɓa yarinyar, idonta da fatarta suka yi rawaya, aka rufe mata ido aka kwantar da ita a ƙarƙashin shuɗiyar fitila har ta washe. Bayan haka sai jinin ya riƙa raguwa, arba'in, talatin da wani abu, har a mako na biyar ya kai ashirin da biyu. Tafin ƙafarta ya yi fari, ta daina ƙiba, wani lokaci numfashinta ya tsaya sai an ɗan taɓa ta. Bukar ya tambayi likita kai tsaye ko ɗibar da ake yi ce ta jawo. Likitan bai ɓoye masa ba, ya ce tana daga ciki, shi ya sa suke ɗibar ɗigo kawai. Amma babban dalili shi ne jinin da jariri ya zo da shi yana saurin tsufa, ɓargon bakwaini kuma bai ƙosa ya ƙera sabo da sauri ba. Ya ce duk jinin da ke jikin Latifa bai cika ƙaramin kofin shayi ba, kuma tana bukatar ƙari.

Aka tura shi ɗakin gwaji wurin wani ma'aikaci mai suna Albert, mutumin Guyuk, mai yawan barkwanci. Bukar bai taɓa bari an sa masa allura a jijiya ba, ya kau da kai yana salati. Albert ya ɗiga jinin a farantin gilashi, ya zuba magunguna, ya jujjuya, sannan ya ɗago ya dube shi da kyau. Ya ce masa nasa irin wanda ba a cika samu ba ne, wanda ba ya faɗa da jinin kusan kowa, kuma a ɗakin jarirai neman sa ake kamar ruwa a jallo. Aka ɗebi leda guda. Abin da aka ƙara wa Latifa a ciki bai fi cokalin shayi huɗu ba. Bukar ya yi mamakin ƙanƙantar abin, ya kuma yi mamakin aikinsa, don kafin kwana biyu leɓunanta sun yi ja, ta fara kama nono da kanta.

Sun kusa wata biyu a asibitin. Da aka sallame su, Hilda ta koya wa Mairam yadda za ta ɗaure yarinyar a ƙirji, fata da fata, a cikin zane, ta ce shi ma uban ya riƙa karɓa in uwar ta gaji. Mazan gidan Malam Aji sun sha dariya ranar da suka gan shi zaune a zaure da jaririya a cikin riga, amma bai kula ba. A cikin watannin ne ya sami aron gungume biyu, ya fara wankin hula a gindin wata bishiyar darbejiya a Jambutu, daga baya suka kama ɗaki a unguwar.

Latifa tana wata biyar wayarsa ta yi ƙara da hantsi, hannunsa cike da kumfa. Albert ne. Ya ce akwai wata bakwaini da shawara ta yi wa mugun kamu, fitila ta kasa, lambar tana hawa, kuma in ta wuce iyaka tana taɓa ƙwaƙwalwa. Jinin uwar da na 'yar ne ba su jitu ba, sai an canza wa yarinyar jini gaba ɗaya, a riƙa zuƙe nata kaɗan-kaɗan ana mayar da sabo. Irin nasa kaɗai zai yi, kuma sabon ɗiba ake so. Ya ce ba dole ba ne.

Bukar ya biya ta gida. Mairam ba ta so ba. Ta ce na 'yarsa ta gane, amma in ya mayar da abin sana'a wa zai riƙe su ranar da ƙarfinsa ya ƙare, su da ba su da kowa a garin? Sai ya wuce Alkalawa wurin Malam Aji da tambayoyi biyu: ko ya halatta, kuma ko jini yana ƙulla 'yan'uwantaka ya hana aure kamar yadda nono ke yi. Dattijon ya murmusa ya ce bai san wani hani a kai ba, kuma jini ba nono ba ne. Ya ƙara da cewa mutumin da aka raba da dukiyarsa, in Allah ya bar masa abin sadaka a jikinsa, ai bai kamata ya yi rowa ba. Daga nan Bukar ya tari keke zuwa Yola.

A benci ya tarar da uban yarinyar, Ephraim, malamin firamare daga Michika da ke zaune wurin ƙanensa a unguwar Shagari. Matarsa Rebeka tana ciki. Mutumin ya kwana biyu yana yawo daga coci zuwa bariki yana neman mai irin jinin, ba a dace ba. Bayan an ɗebi jinin aka ce Bukar ya zauna ya huta, sai suka shiga hira, ashe ta hanya ɗaya suka gudo daga Mubi, wataƙila ma a yini ɗaya. Kowa ya faɗi wanda ya rasa. Ephraim ya yi ta neman kalmar godiya yana kasawa, Bukar ya ce ya bari, shi ma a wannan bencin ya zauna. Yarinyar ta rayu, aka sa mata suna Virtue. Da ƙura ta lafa iyayenta suka koma Michika, kuma tun daga lokacin duk kaka sai buhun gyaɗa ya iso tashar Jambutu da sunan Bukar Mai Hula a jiki.

Haka abin ya zame masa jiki. Ba a ɗibar jinin mutum sai bayan wata uku, don haka Albert ya riƙa ajiye shi don ranar da ta ɓaci, ba ya kiran sa sai an rasa yadda za a yi. Wata shekara sau biyu, wata sau uku. In kira ya zo yakan ɗauraye hannu, ya ce wa maƙwabcinsa ya duba masa rumfa, ya tafi. Mairam ta daina hanawa, sai dai ta ɗauki nauyin mayar masa da abin da aka ɗiba: miyar zogale, hanta in an samu, wake, da kunun gyaɗa mai kauri. Ta ce tun da ya mayar da kansa rijiya, ita za ta riƙa yashe ta.

Ba duka ne suka rayu ba. Akwai wasu tagwaye da aka kawo daga wajen Fufore, aka ƙara wa ɗaya jininsa, bai kai mako ba ya rasu. Bukar ya ji abin har cikin ƙashinsa, ya ce wa Hilda daga yau kada a ƙara gaya masa yadda aka ƙare, shi dai ya bayar ya tafi. Ta ce to. Zuwa na gaba shi da kansa ya tsaya a ƙofar ɗakin yana tambayar ɗan wa aka ba, nauyinsa nawa, jininsa nawa ya sauka. Hilda ta gaya masa, ba ta tuna masa maganarsa ba. Da haka ya saba da lambobin har yakan gane daga fuskar ma'aikata ko abin ya yi tsanani, ko da yake in wani uba ya tambaye shi fassarar sakamako ba ya taɓa yarda ya faɗa. Yakan ce shi wankin hula ya sani, a je wurin Sista.

Latifa kuwa ta tashi kamar ba ita ba. Ta yi jinkirin tafiya kaɗan, daga nan ba wanda ya sake kamo ta. Yanzu tana ajin farko na sakandare, doguwa kamar ubanta, ga ci ga surutu, ga ƙanne biyu maza da take juyawa yadda ta so. In ƙawayenta suka ce mata bakwaini don tsokana, takan ce ai shi ya sa ta riga su zuwa duniya da wata biyu.

A bazarar bara ne abin da Bukar bai taɓa zato ba ya faru. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi bayan azumi, ya tashi, ya koma aiki cikin zafin nan na Yola da ke sa kwano ya yi ƙara da rana tsaka. Kira ya zo, ya tafi kamar kullum. Albert ya soki yatsarsa, ya juya jinin a inji, ya auna, ya sake aunawa. Talatin da huɗu.

"Yau ba zan taɓa ka ba, Baban Latifa," in ji shi. "Kai ma kana da naka ma'auni. Ka je Madam ta gyara ka, ka dawo bayan wata biyu."

Bukar ya ce ai ƙalau yake ji, a ɗebi ko rabi. Albert ya ƙi. Ya zauna a baranda bai tafi ba, har aka samo wani ɗalibin jami'a mai irin jinin, aka yi wa jaririn ƙari. Ya ji daɗi, amma a hanyar gida ya lura akwai wani abu kamar kishi a ransa, kuma da ya gaya wa Mairam ta yi dariya har da hawaye. Ta ce da ma yana tsammani shi kaɗai Allah ya halitta da shi? Ya yi kwana biyu ba walwala. Abin da ya tsaya masa shi ne tunanin ranar da za a kira a ga ba shi, ko ya tsufa, ko ya yi tafiya.

Sai ya fara yi wa abokan sana'arsa magana, shi da ba ya son magana. Ya bi masu wankin hula da masu guga da teloli na layin, ya ce su je a duba rukunin jininsu, ba a ce sai sun bayar ba. Wasu suka ce jini ba abin wasa ba ne. Wasu suka ce suna jin ana sayar da shi. Bukar bai yi gardama da kowa ba, ya dai ce su dube shi, shekara goma yana bayarwa, ga 'ya'ya uku, ga aiki bai fasa ba. Mutum tara suka bi shi wata ranar Asabar a keke uku. Takwas nasu irin na gama-gari ne, Albert ya ce su ma ana so. Na taran, Zakariya mai guga, wani ƙato da ya fi kowa tsoron allura har sai da aka riƙe masa hannu, shi ne ya fito da irin na Bukar. Tun daga ranar 'yan layin suke kiran su 'yan gida ɗaya, ko da yake ɗaya Babarbare ne ɗaya Bafulatanin Girei.

Bukar ya sha magungunan da aka rubuta masa, ya ci duk abin da Mairam ta ɗora a gabansa ba musu. Da damina ta kankama ya koma asibiti ba tare da an kira shi ba. Albert ya auna ya ce arba'in da biyu, ya kuma ce ya zo a daidai, don akwai wani ɗan kilo ɗaya da rabi da likita ke sa ido a kansa tun safe. Bukar ya kwanta a gado, ya miƙa hannu, suna hirar farashin masara har ledar ta cika. Sista Hilda, wadda saura mata 'yan watanni ta yi ritaya, ta leƙo ta gaishe shi, ta ce in ta koma Numan zai riƙa samun busasshen kifi.

Da ya fito hadari ya haɗu ta gabas. Ya tuna ya bar huluna a waje, ya kira Zakariya ya ce ya taimaka ya shigar masa da su rumfa. Sannan ya tsaya wurin mai lemo a bakin ƙofar asibiti, ya sayi na yara, ya tari keke zuwa Jambutu. Ruwan ya same su a hanya, mai keken ya sauke labule, suka ci gaba da tafiya a hankali.